Me ake nufi da "taswirar haɗari"?

Tun da aka ayyana ɓarkewar kwalara a nan Sudan a watan Agustan 2024, "taswirar haɗari" ta shiga bakin kowa. A rediyo ana faɗa, a WhatsApp ana turo hoton Kassala da Gadarif an shafe su da ja. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar wani dattijo a majalisarmu ta bayan la'asar. Ya ce, "Da ma a zana ta masu araƙi, mu ga unguwar da ta fi ja." Araƙi dai giya ce mai ƙarfi da ake dafawa a gida a nan Sudan. Na ce, "Baba, ana zana irinta a ƙasashen Turai kan cututtukan da giya ke jawowa, amma ba mashaya take ƙirgawa ba."

Ina ganin ruɗanin daga kalmar ya faro. Taswira daga Larabci muka aro ta, asalinta taswir, wato suranta abu, kamar hoto. Shi ya sa mutum yake kallonta kamar an ɗauki hoton unguwa daga sama an kama kowa da kwalbarsa. Alhali lissafi ne aka yi wa fenti. Ana yanka ƙasa ƙanana-ƙanana, a ƙirga waɗanda aka kwantar a asibiti ko suka rasu da wata cuta, sannan a gwada da adadin da ake tsammani idan aka duba yawan mutanen wurin, da shekarunsu, da maza da matansu. Inda aka samu fiye da tsammani, a sa ja. "Haɗari" a nan yiwuwa ce kawai, wato yaya damar kamuwa take idan aka kwatanta da sauran wurare.

Ƙaramin wuri kuwa yana ruɗa lissafi. A ce ƙauye mai mutum 600, bara mutum ɗaya ya rasu da ciwon hanta, bana biyu. A takarda haɗari ya ninka! Don haka masana ƙididdiga suke sa kowane yanki ya ari bayani daga maƙwabtansa, a rage wannan tsalle-tsallen. Launin da ka gani kiyasi ne da aka riga aka daidaita.

Amma hantar nan ita ce ta fi damuna. A Ingila, idan yanki ya yi ja a ciwon hanta, ba laifi a fara zargin giya. To, ɗauko wannan tunanin ka kawo shi Jazira, yankin noma da ke tsakiyar Sudan. Tun 1925 da aka kammala madatsar Sennar ake noman rani a can, ruwa na kwance a magudanai, dodon koɗi yana hayayyafa, tsutsar bilhaziya tana shiga fatar manomi da yaron da ke wanka. Shekaru suna tafiya hanta tana ƙanƙancewa, saifa ta kumbura, wata rana mutum ya yi aman jini. Ga ciwon hanta nau'in B, wanda uwa kan ba jaririnta ba ta sani ba. Ga gubar da ke fitowa a gyaɗar da ta yi funfuna, mu kuwa ba ma rabuwa da dakwa. Malamin allo da bai taɓa jin warin marisa, wato giyar dawa, ba yana iya mutuwa da kumburarren ciki, a sa shi cikin lissafi, ƙauyensu ya yi ja, wani a birni ya taɓe baki ya ce ai mashaya ne. Wannan zalunci ne, kuma mu da muka san yadda ake liƙa wa unguwar talakawa suna ya bi 'ya'yanta har wurin neman aure, bai kamata mu taya ba.

Ba ina rage illar giya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 2.6. Sai dai a Sudan, ƙasar da shugabanta na lokacin, Numairi, ya haramta ta a 1983, aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba kawai a 2020, wa zai zauna gaban likita ya ce yana sha? Yankin da ya fito fari fat ma, wataƙila asibiti ne babu, ko yaƙi ya rufe shi, babu wanda ya rubuta komai.

Dattijon ya yi shiru, can ya ce ƙaninsa da ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira da aman jini ya rasu, kuma har yau akwai masu raɗa a kansa.