Gajiyar mai cutar MS ba lalaci ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka cutar MS (multiple sclerosis), wadda garkuwar jiki ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ta tsaya ne a ƙafa da ido. Muddin mutum yana tafiya da kansa, sai a ce lafiyarsa lau, gajiyar da yake kuka da ita kuwa son jiki ne kawai.

Ba haka ba ne. Kusan uku cikin huɗu na masu cutar suna fama da wannan gajiya, wasunsu ma ita ce ta fi damunsu. Mutum zai yi barcinsa cikakke, ya tashi, kafin ya gama wanka ya sa kaya ƙarfinsa ya ƙare. Zafi yana ƙara tsananta ta, ko da na ruwan wanka ne, domin jijiyar da ta rasa rigarta takan kasa isar da saƙo idan jiki ya ɗumama.

Tunani ma yana taɓuwa a kusan rabin masu cutar. Ba hauka ba ne, saurin fahimta ne yake raguwa: kalma ta maƙale a baki, ko zance ya kuɓuce idan mutum biyu suna magana lokaci guda. Tun 1868 likita Charcot na Faransa ya lura da raunin tunawa a majinyatansa, amma aka daɗe ana yi wa batun riƙon sakainar kashi.

Maganin gajiyar fa? Wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2021 ya gwada magungunan amantadine da modafinil da methylphenidate, babu wanda ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta. Motsa jiki daidai ƙarfi, wanda a da ake hana masu cutar, ya fi nuna amfani.