Cima-zaune: yadda suke ci da yadda suke ɓuya a jikin mai masauki

Cima-zaune halittu ne da ke rayuwa a ciki ko a bisa jikin wata halitta, suna ci daga jikinta, ita kuwa cutuwa kawai take yi. Wasu a waje suke maƙalewa, kamar kaska da ƙwarƙwata, wasu kuma can ciki, a hanji ko hanta ko jini.

Tsila ba ta da baki, ba ta da hanji. Tana kafa kanta a bangon hanji, ta riƙa tsotsar abincin da aka riga aka narkar ta fatar jikinta. Tsutsar ƙugiya kuwa cizon bangon hanjin take yi ta sha jini, tana fitar da sinadarin da ke hana shi daskarewa, shi ya sa idan ta yi yawa take jawo ƙarancin jini.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda Alphonse Laveran ya fara gani a jinin majinyaci a Aljeriya a 1880, ta fi su dabara. Bayan ta hayayyafa a hanta, sai ta shige jajayen ƙwayoyin jini ta cinye himoglobin ɗinsu, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin. Ragowar wannan abinci guba ce gare ta, don haka take dunƙule shi ya zama ɗan tsakuwa mara illa. Wannan aikin ne maganin kulorokwin ke katsewa. Nau'in falsifarum har sa ƙwayar jinin da ya shiga yake yi ta manne a bangon jijiya, don kada ta isa saifa a tace ta.

Ta fuskar garkuwar jiki, abin da ya fi ban mamaki shi ne ƙwayar ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. A fili take iyo cikin jini, lulluɓe da rigar furotin iri ɗaya. Kafin garkuwa ta gama shaida rigar ta kai hari, wasu sun sauya wata, don ƙwayar na da ƙwayoyin gado sama da 1,000 na wannan riga. Shi ya sa zazzaɓin ke lafawa ya dawo, kuma har yau ba a samu allurar rigakafinsa ba.

Tsutsar tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, aron riga take yi: tana shafa sinadaran jinin mai masaukin a jikinta, ta zauna shekaru a jijiya kamar 'yar gida. Ƙwayayenta da ke maƙalewa a hanta ko mafitsara su garkuwa ke far wa, kuma daga wannan faɗan yawancin ciwon ke fitowa.