Sugi: Dashen Reshe da Shukar Iri a Dazuzzukan Japan

Sugi dogon itace ne miƙaƙƙe, daga dangin itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa kaɗe ganye duk shekara. Masana suna kiransa Cryptomeria japonica. Shi ya mamaye kusan kashi 44 cikin 100 na dazuzzukan da aka dasa a Japan, wajen hekta miliyan 4.4. Hanya biyu ake yaɗa shi: a shuka iri a gandun reno, ko a yanki reshe a kafa ya yi saiwa, kamar yadda manomi yake yi da karan rogo.

A tsibirin Kyushu reshe aka fi yarda da shi. Mutanen Obi, a lardin Miyazaki, suna wannan sana'a tun ƙarni na 17. Mai daji zai zaɓi itacen da ya burge shi, ya yanko reshe, ya zage ganyen ƙasa, ya fere gindin, ya soke shi a ƙasa mai laima. Abin da ya fito uwar ce sak, ba ragi ba ƙari. Ta haka suka adana irin sugi mai maiƙo, marar nauyi, mai jure ruwa, wanda masu sassaƙa jiragen ruwa suke nema a da.

Yoshino kuwa, a lardin Nara, iri suka riƙe. Sukan dasa tsiro 8,000 ko fiye a hekta guda, cunkushe, sannan su yi ta ragewa shekara da shekaru. Kowane tsiro da halinsa, gatari ne yake tankaɗe da rairaya. Waɗanda suka tsira katakonsu matsattse ne, ba yawan ƙulli, shi ya sa aka fi son sa wajen ƙera gangunan giyar shinkafa.

Haɗarin dashen reshe ba ƙarami ba ne: dajin da ya fito daga uwa ɗaya, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama saura. Amma akwai inda ya yi rana ƙwarai. Garin furen sugi yana jawo wa miliyoyin Japanawa atishawa da ƙaiƙayin ido kowace shekara idan sanyi ya fara wucewa. A 1992 aka gano wani sugi a lardin Toyama wanda ba ya fitar da garin fure sam. Wannan hali yakan ɓuya a cikin 'ya'yan da aka samu ta iri, sai iyayen biyu suna ɗauke da shi yake bayyana, amma duk reshen da aka yanko daga itacen da halin yake tashi.