Harajin Yaƙi na Majalisar Ingila, 1642–1660

Harajin yaƙi na Majalisar Ingila shi ne tsarin tara kuɗi da Majalisar Dokokin ƙasar ta shimfiɗa daga shekarar 1642 domin biyan sojojin da ta ɗauka a yaƙinta da Sarki Charles na Ɗaya. Kuɗin sun riƙa shigowa ta ƙofa huɗu: rance daga attajiran Landan, harajin da ake yanka wa kowace gunduma a mako ko a wata, harajin kayan masarufi, da abin da ake tatsa daga dukiyar magoya bayan sarki. Majalisar da ta ja daga da sarki saboda yana karɓar kuɗin jama'a ba da yardarta ba, ita ce ta ƙare da aza wa mutanen Ingila nauyin da babu wani sarki da ya taɓa aza musu irinsa.

Asalin rigimar

Tsohuwar al'adar Ingila ita ce sarki ya riƙe kansa da kuɗin gonakinsa da na kwastan, in yaƙi ya taso ya kira Majalisa ta amince masa da tallafi. Wannan tallafi ya daɗe da lalacewa, domin manyan gari su ne ke ƙiyasta dukiyar junansu, kowa kuma yana sassauta wa ɗan'uwansa. Abin da yake kawo fiye da fam 130,000 a farkon zamanin Sarauniya Elizabeth ya zube zuwa kimanin fam 55,000 a 1628.

Charles ya yi shekara goma sha ɗaya, daga 1629 zuwa 1640, bai kira Majalisa ba. A cikin wannan lokaci ne ya farfaɗo da kuɗin jirgi, wato harajin tanadar jiragen ruwan yaƙi, wanda a da garuruwan bakin teku kaɗai ke biya, ya shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya a 1635. Yana kawo kusan fam 200,000 a shekara. Wani attajirin mai gonaki, John Hampden, ya ƙi biyan sule 20 da aka yanka masa, aka kai shi gaban alƙalai goma sha biyu, bakwai suka goyi bayan sarki, biyar suka saɓa. Majalisar da ta zauna a Nuwamban 1640 ta haramta kuɗin jirgi a 1641. Sai dai dabarar da ke cikinsa, wato a yanka wa gunduma adadi guda a bar mutanenta su raba shi a tsakaninsu, ba ta mutu ba. 'Yan Majalisa sun ga amfaninta, kuma ba su daɗe ba suka ɗauko ta.

Daga roƙo zuwa tilas

A watan Yunin 1642, tun kafin sarki ya kafa tutar yaƙi a Nottingham ranar 22 ga Agusta, Majalisa ta nemi masoyanta su ba ta rancen kuɗi da kwanukan azurfa da dawaki, za ta biya da ruwa kashi takwas cikin ɗari. Mutanen Landan sun yi tururuwa zuwa zauren birni na Guildhall, har mata suna kawo zobba da ƙananan kayan ɗinkinsu na azurfa, abin da ya sa mutanen sarki suka riƙa yi wa rundunar Majalisa ba'a da shi. Kowa ya ɗauka karo ɗaya za a yi a gama. Da aka gwabza a Edgehill cikin Oktoba ba a ga wanda ya yi rinjaye ba, sai aka gane tafiyar mai nisa ce, kuma kyauta ba ta riƙe runduna.

A Nuwamba aka kafa kwamitin neman kuɗi, mai zama a zauren Haberdashers, ɗaya daga cikin zaurukan ƙungiyoyin sana'a na Landan, wanda ke bin waɗanda suka noƙe yana tilasta musu ba da rance gwargwadon dukiyarsu. Akwai wata matsala ta shari'a a nan: doka ba ta zama doka a Ingila sai sarki ya sa hannu, sarki kuwa shi ne abokin gaba. Saboda haka zaurukan Majalisa biyu suka riƙa fitar da umarni da sunansu kaɗai, suna cewa yana da ƙarfin doka. Duk harajin da aka karɓa a shekarun yaƙin a kan irin wannan umarni ya tsaya.

Harajin mako da na wata

Kashin bayan tsarin shi ne umarnin 24 ga Fabrairun 1643, wanda John Pym, jagoran masu adawa da sarki a Majalisa, ya tura har ya samu shiga. An yanka wa kowace gunduma da kowane babban birni abin da zai kawo duk mako. Landan kaɗai fam 10,000 aka aza mata. Da farko wata uku aka ce za a yi, amma aka yi ta sabunta shi, daga baya ya koma na wata-wata.

Yadda ake karɓarsa shi ne abin lura. Umarnin ya ambaci sunayen mutanen da za su zama kwamitin kowace gunduma. Kwamiti ya kasa adadin a kan yankuna, yankuna su kasa a kan ƙauyuka, a kowane ƙauye kuma a naɗa mutum biyu ko fiye daga cikin mazauna su ƙiyasta abin da kowane gida zai bayar bisa gonarsa da hajarsa. Mai haya yakan biya, sannan ya cire rabon mai gona daga kuɗin haya. Wanda ya ƙi, a kwashe dabbobinsa ko kayan ɗakinsa a sayar. Hikimar tana nan: tun da adadin ƙauye ba ya raguwa, duk wanda ya ɓoye dukiyarsa maƙwabcinsa ya ƙara wa kaya, don haka maƙwabta suka zama masu sa wa juna ido ba tare da gwamnati ta biya su ba. Sassaucin da ya kashe tsohon tallafi bai samu wurin shiga ba.

Nauyin bai yi kama da na da ba. Masana tarihi sun lissafa cewa zuwa 1645 gundumar Kent tana biya a wata guda fiye da abin da ta taɓa biya na kuɗin jirgi a shekara. Ga talakan da ya yi murnar faɗuwar kuɗin jirgi, an gudu ne ba a tsira ba.

Tarawa daban, isar kuɗi hannun soja daban. A ƙa'ida Landan za a kai su, amma kwamitocin gundumomi sun fi son su kashe su a kan 'yan sansanonin da ke tsare ƙofar gidajensu. Babbar rundunar Majalisa, wadda basaraken da ake kira Earl na Essex ke jagoranta, ita ta riƙa kwana da yunwa, sojoji suna zarewa suna komawa gida. Gundumomin gabas ne suka fara gano magani. A Janairun 1644 aka ƙara musu haraji da rabi, aka kuma tattara shi a baitulmali ɗaya a Kambirij ƙarƙashin Earl na Manchester. Rundunarsu, wadda Oliver Cromwell ke riƙe da dawakinta, ta fi kowace samun albashi a lokacin, ta kuma taka rawa babba a nasarar Marston Moor cikin Yulin wannan shekara.

Harajin kayan masarufi

A 1642 Majalisa ta fito fili ta ce jita-jitar da ake yaɗawa cewa za ta sa haraji a kan kayan ci da sha ƙarya ce ta maƙiya. Ranar 22 ga Yulin 1643 ta sa shi. Daga Holan aka kwaikwayo shi, inda ya daɗe yana riƙe yaƙinsu da Sifen. Ya fara da giya da taba da kayan ƙawa na waje, a farkon 1644 ya kai ga nama da gishiri. An damƙa shi ga kwamishinoni takwas, 'yan kasuwar Landan, masu ma'aikata da ikon shiga shaguna da rumbuna su yi bincike.

Babu harajin da aka tsana kamarsa, domin bai san mai kuɗi da matalauci ba. A Fabrairun 1647 mahautan kasuwar Smithfield suka tayar da tarzoma suka ƙone ofishin masu karɓarsa, cikin 'yan watanni aka janye shi daga nama da gishirin gida. Amma ba a soke shi ba, saboda yana da wata daraja da ta wuce abin da yake kawowa: kuɗi ne mai shigowa kullum, don haka ana iya jinginar da na baɗi a ci rance yau. Ɓangaren sarki ma, bayan sun gama zagin sa, sun kafa nasu a Okisfod a 1644.

Dukiyar abokan gaba

Daga Maris ɗin 1643 aka fara riƙe gonaki da gidajen waɗanda suka taimaki sarki, kwamitoci suna karɓar hayarsu, ana barin kashi ɗaya cikin biyar ga matar mutum da 'ya'yansa. 'Yan Katolika kuwa kashi biyu cikin uku na dukiyarsu ake riƙewa ko da ba su ɗauki makami ba. Daga baya aka buɗe ƙofar fansa a zauren Goldsmiths, inda mutum zai biya tara ya karɓi abinsa. Kwamitin da ke zama a wannan zaure tun asali an kafa shi ne don nemo kuɗin rundunar Sikotilan, wadda ta shigo yaƙin a ɓangaren Majalisa bisa alkawarin fam 30,000 a wata. Da za ta koma gida a farkon 1647 an daidaita a kan fam 400,000, aka ba ta rabi a hannu, da rancen da aka ci bisa jinginar gonakin bishop-bishop.

Sabuwar Runduna da bashin albashi

A Fabrairun 1645 Majalisa ta narkar da manyan rundunoninta ta ƙera guda ɗaya mai mutum 22,000 ƙarƙashin Thomas Fairfax: dakarun ƙasa 14,400, mahaya 6,600, da wasu 1,000 masu tafiya a doki su yi faɗa a ƙasa. An ware mata harajin wata na kimanin fam 53,000. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka attajiran Landan suka ba da rancen fam 80,000 na fara aiki, aka kuma naɗa mutum takwas daga cikinsu ma'ajin yaƙi, wato masu bin bashin su ne masu riƙe da jakar. Kwamitin soja, wanda Robert Scawen ya shugabanta, shi ke kula da ƙidayar sojoji da sayen kaya da fitar da albashi. Sojan ƙasa kwabo takwas yake samu a rana, mahayi sule biyu, amma daga ciki zai ciyar da dokinsa. A lokacin kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin kuma fam guda.

Shekara ta farko abin ya tafi daidai gwargwado, rundunar ta murƙushe sarki a Naseby cikin Yunin 1645. Matsalar ta zo ne da nasara. Da yaƙi ya lafa a 1646 mutane suka ga ba dalilin ci gaba da biya, haraji ya tsaya cak. Inda albashi ya yanke sai a sauke soja a gidajen mutane, su ci su sha, a bar wa mai gida 'yar takardar alkawari wadda sau da yawa ba a fanshe ta. A ƙauyuka da dama wannan saukar dole ta fi harajin kansa ciwo. Ita da ƙwacen da sojojin ɓangarorin biyu ke yi ne suka sa manoman Dorset da Wiltshire da Somerset suka fito da kulake a 1645 suna korar kowa.

Zuwa Maris ɗin 1647 dakarun ƙasa suna bin albashin mako 18, mahaya na mako 43. Masu rinjaye a Majalisa, Denzil Holles a gaba, suka yi niyyar sallamar rundunar da albashin mako shida, daga baya suka ce takwas, a tura saura Ayilan. Da sojoji suka rubuta koke, sai Majalisa ta kira masu koken maƙiyan ƙasa. Kuskure ne da ba a taɓa gyara shi ba. Kowace bataliya ta zaɓi wakilai, a farkon Yuni wani ƙaramin hafsa, George Joyce, ya ɗauke sarki daga hannun masu gadin Majalisa a Holdenby, a Agusta kuma rundunar ta shiga Landan. Rigimar da ta fara a kan kwabo takwas ta koma tambayar wa ke da ikon mulkin ƙasa.

Daga nan soja ne ke bin harajin da bakin bindiga. An mayar da shi fam 60,000 a wata a 1647, ya hau 90,000 a 1649, ya kai 120,000 a ƙarshen 1650. A Disambar 1648, watan da Kanar Pride ya tsaya a ƙofar Majalisa yana hana 'yan adawa shiga, Fairfax ya aika sojoji suka kwashe kuɗin da ke ajiye a zauren Weavers saboda bashin harajin da birnin Landan ya ƙi biya. Tsohon bashin albashi kuwa da takardun shaida aka biya shi, waɗanda ake musanyawa da gonakin sarki bayan an kashe shi a Janairun 1649, ko da filayen da aka ƙwace a Ayilan. Ƙananan sojoji da yawa ba su iya jira ba, suka sayar wa hafsoshinsu takardun da araha.

Cromwell, bayan ya kori ragowar Majalisa a Afrilun 1653 mulki ya koma hannunsa, ya faɗa ramin da Charles ya faɗa. Wani ɗan kasuwa, George Cony, ya ƙi biyan kwastan da Majalisa ba ta amince da shi ba, aka tsare shi har da lauyoyinsa. Harajin kashi goma cikin ɗari da aka ɗora wa tsofaffin magoya bayan sarki a 1655 kuma, Majalisar Cromwell da kanta ta yi watsi da shi a Janairun 1657.

Abin da ya saura

Da sarauta ta dawo a 1660 an soke umarnin Majalisar yaƙi, amma kayan aikinta sun tsaya. Da harajin wata da harajin kai aka biya rundunar aka sallame ta lafiya. Harajin kayan sha ya zama tushen kuɗin Charles na Biyu, harajin wata kuma shi ya rikiɗa ya zama harajin filaye da gonaki a shekarun 1690. Dokar 'yanci ta 1689 ta haramta wa sarki karɓar kuɗi ko ajiye runduna a lokacin zaman lafiya sai da yardar Majalisa.

Wani gadon kuma na takarda ne. A Fabrairun 1644 aka kafa kwamitin binciken asusun ƙasa, wanda lauya William Prynne ya yi fice a cikinsa, aka umarci kowane ƙauye ya rubuto duk abin da ya bayar da wanda aka ƙwace masa. Kwamitin bai taɓa kammala aikinsa ba, kwamitocin gundumomi sun yi ta yi masa kafar ungulu. Amma dubban takardun suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew, ɗauke da lissafin gida-gida: sule nawa aka biya a wane mako, soja nawa aka sauke kwana nawa, da doki ko bargo ko tukunyar da suka tafi da ita.