Waiwaye: Yadda Gran Turismo da Forza suka shekara 20 suna takara

Duk inda masu wasan tseren mota na bidiyo suka haɗu, musun bai cika canzawa ba: Gran Turismo na PlayStation ne ya fi kama da tuƙin gaske, ko Forza Motorsport na Xbox? Musun ya girmi da yawa daga cikin masu yin sa.

Gran Turismo ne babba. A watan Disamba na 1997 ya fito a Japan, bayan Kazunori Yamauchi da 'yan tawagarsa sun shafe kusan shekara 5 suna aikinsa. A lokacin, yawancin wasannin tsere take totur ne kawai, ka bugi bango ka wuce. Shi kuwa wannan sai ya ba ka 'yan kuɗi kaɗan, ka sayi tsohuwar mota ta hannu, ka zauna jarrabawar lasisi, ka koyi inda ake taka birki kafin kwana, sannan ka tara abin sauya taya da gyaran inji. Mutane suka rungume shi. An sayar da kwafi sama da miliyan 10, babu wasan da ya kai shi kasuwa a PlayStation ta farko. Na uku, wanda ya fito a 2001, ya ma zarce haka.

Shekara 7 da wani abu kamfanin Polyphony Digital, mai ƙera Gran Turismo, yana cin karensa ba babbaka. Sai a watan Mayu na 2005 Microsoft, mai Xbox, ya yi masa kishiya da Forza Motorsport, ta hannun kamfaninsa Turn 10 da ke Redmond a Amurka. Masu Forza ba su yi gasar yawan motoci ba, domin Gran Turismo 4 yana da fiye da 700. Inda babban ya yi sakaci suka bi. A Gran Turismo na lokacin, ko da gudun kilomita 200 ka daki shinge, motarka fes take fitowa. A Forza kuwa tana lotsewa, sitiyari ya karkace. Forza ya ba da damar yin tsere da mutane ta intanet, abin da Gran Turismo 4 ya fito babu shi. Ga Ferrari, ga Porsche, alhali masu PlayStation sai dai su yi maneji da RUF, motocin da ake ƙerawa a kan gangar jikin Porsche, saboda lasisin Porsche yana hannun kamfanin wasanni na EA. Sai a 2017 Porsche ta shiga Gran Turismo.

Daga 2007 zuwa 2011, a ganina, Forza ne ke gaba. Duk bayan shekara 2 sabo yake fitowa. Na biyu ya shahara da fenti da zane a jikin mota, har da kasuwar gwanjo inda 'yan wasa ke sayar wa juna. Na uku ya kawo maɓallin mayar da tsere baya idan ka yi kuskure. 'Yan gani-kashe-nin Gran Turismo suka ce wannan ai ha'inci ne, amma sababbin shiga sun ji daɗinsa. Shi kuma Gran Turismo 5 aka yi ta ɗage shi har Nuwamban 2010. Da ya zo, an yi shelar motoci sama da 1,000, ashe kimanin 200 ne kawai aka ƙera sababbi, sauran daga zamanin PlayStation 2 aka kwaso su.

Amma Yamauchi yana da wata dabara da Forza bai taɓa kamo ta ba, wato haɗa wasan da filin tsere na gaske. A 2008 Sony, mai PlayStation, da Nissan suka buɗe GT Academy, inda zakaran wasan ke samun horo ya zama direban tsere. Lucas Ordóñez ɗan Sifaniya ne ya fara ci, kuma a 2011 ya zo na biyu a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans. Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya biyo sahu. Gran Turismo Sport na 2017 ya ɗora a kan haka: aka rage motoci, aka mai da hankali ga gasa ta intanet, ana ba direba maki a kan ladabinsa a hanya, har hukumar tseren motoci ta duniya FIA ta sa hannu a gasar a 2018.

Kowannensu ya taɓa ɓata wa masoyansa rai a kan kuɗi. Forza 5 na 2013 ya zo da motoci kusan 200 kacal da tsadar saye a cikin wasa. Gran Turismo 7 ma, a Maris na 2022, ya rage ladan cin tsere, sannan wasan ya tsaya cik fiye da awa 30 saboda kamfanin ya rufe hidimarsa ta intanet don gyara wata matsala a sabuntawar wasan. Sai da Yamauchi ya ba da haƙuri.

Abin da ya raunana Forza Motorsport daga cikin gida ya fito. A 2012 kamfanin Playground Games na Ingila ya fitar da Forza Horizon, inda babu takurar da'irar tsere, ka kama hanya ka yi ta yawo a Kolorado, daga baya Birtaniya da Meziko. Ƙanin ya fi yayan farin jini nesa ba kusa ba. Da aka dawo da Motorsport a Oktoban 2023, bayan shekara 6 shiru, 'yan wasa suka yi ta ƙorafin cewa sai ka daɗe kana tuƙa mota kafin a bar ka ka sauya mata kaya. An sassauta tsarin daga baya, amma kasuwar ta riga ta yi sanyi. A Yulin 2025 sallamar ma'aikata da Microsoft ya yi ta shafi Turn 10 sosai. Kimanin wata 2 kafin nan, Forza Horizon 5 ya sauka a PlayStation 5, don haka mai na'urar Sony yanzu yana iya sayen wasannin gidajen biyu, mai Xbox kuwa har yau ba shi da Gran Turismo.