Begen ƙuruciya: komawar manya ga wasannin yarinta

Begen ƙuruciya shi ne shauƙin da ke kama babban mutum idan ya ci karo da abin wasa, tatsuniya ko shirin talabijin da ya tashi da shi, har ya ji yana son komawa gare shi. A zangunan Accra da Kumasi na ƙasar Ghana, irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango da Aboabo, ba sai an je nesa ba: bayan la'asar za ka tarar da magidanta masu furfura sun kewaye allon ludu, butar ataya na kan gawayi, ana ta musu, kamar ba su ne suka kori yara daga wasa da safe ba.

Asalin nazarinsa

Da farko likitocin Turai cuta suka ɗauki bege. A 1688 Johannes Hofer, ɗalibin likitanci a birnin Basel na Suwizalan, ya ƙirƙiro kalmar nostaljiya daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin komawa gida da raɗaɗi, aka riƙa jingina ta ga sojojin haya da kewar gida ke kwantar da su. Bahaushe ma bai yi wa abin kyakkyawan zato ba, shi ya sa ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Karin maganar ta faɗi rabin gaskiya. Binciken Constantine Sedikides da Tim Wildschut na Jami'ar Southampton a Ingila ya nuna cewa kaɗaici da ɓacin rai kan tayar da bege, amma begen kansa yana rage kaɗaicin, domin yana tuna wa mutum cewa yana da mutane.

Abin da ke jawo manya

Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa wanda ya manyanta ya fi tuna abin da ya faru tsakanin shekara 10 da 30 na rayuwarsa, kuma wasan unguwa yana farkon wannan tsakanin. Yaron zango da hannunsa yake ƙera abin wasansa: gwangwanin madara ya zama mota, a yanka tsohon silifa a yi tayoyi, a ɗaura zare a ja. Marafan kwalba su zama 'yan ƙwallo, ana ɗalle su da yatsa a kan siminti. Akwai caskele, wasan jifan gwangwani, da pilolo, wasan neman tsinken da aka ɓoye, 'yan mata kuma na ampe, tsalle da tafi. Kusan babu ɗayansu da ake yi a kaɗaice, don haka mai begen caskele yawanci abokan da suka watse yake nema; wani yana Jamus, wani Amurka, wani ya riga mu gidan gaskiya.

Akwai kuma batun aljihu. Game Boy, na'urar wasa ta hannu da kamfanin Nintendo ya fitar a 1989, yaran zango da yawa a hannun wani suka gan shi. Wanda yau yake da sana'a yakan saye shi a cikin kayan gwanjo don huce takaicin jiya. Sannan wasa yana da ƙa'ida bayyananna, a fara a gama a san wanda ya ci, abin da haya da kuɗin makaranta ba su da shi.

Kasuwa

Kamfanoni sun gane wannan. Lego, kamfanin kayan wasa na Denmak, wanda aka kafa a 1932, ya fara lakaba wa wasu kayansa tambarin 'yan shekara 18 zuwa sama a 2020. A 2017 aka sake fitar da wayar Nokia 3310 tare da wasan macijinta. Amma kayan Lego na manya sun fi ƙarfin yawancin aljihu a zango. A nan begen ya fi bin hanya mai araha: ludu, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896 daga wasan pacisi na Indiya, da dame, da oware na Asante mai ramuka 12 da ƙwayoyi 48. Lokacin kullen korona na makonni uku da aka sa wa Accra da Kumasi daga 30 ga Maris 2020, ludun ya koma cikin waya, ana bugawa kowa yana ɗakinsa.

Tatsuniya ma ta samu rabonta. Waɗanda suka kalli Grace Omaboe, wato Maame Dokono, tana ba yara labaran Ananse, gizo-gizon tatsuniyar Asante, a talabijin ɗin Ghana, su ne a gida suka ji na Gizo da Ƙoƙi daga bakin kaka, kuma wayon Gizo da na Ananse ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Suka

Ba kowa ke kallon abin da idon rahama ba. Dattawa kan kira shi zubar da girma, wasu malamai kuma na ƙyamar ludu saboda ƙwayar da ake jefawa, suna kafa hujja da hadisin da ya hana wasan nardu, musamman idan an sa kuɗi ko an bar salla ta wuce. Shi ya sa a majalisu da dama ake kife allon da zarar ladan ya kira magariba.