Waiwaye: Takubban Sojan Japan da Matsalar Jabu

A shekarar 1876 gwamnatin Japan ta hana jama'a yawo da takobi, ta bar wannan dama ga sojoji da 'yan sanda da manyan jami'ai, lamarin da ya karya kasuwar maƙera har wasunsu suka koma ƙera wuƙaƙe da kayan noma. Sojojin wancan zamani takobi irin na Turawa suka rataya, sai a 1934, da guguwar kishin ƙasa ta taso, rundunar ta koma ga siffar takubban kakanni, ta fito da samfurin da ake kira 94 domin hafsoshi, sannan samfurin 98 ya biyo baya a 1938.

Daga nan ne ruɗanin da ake fama da shi a yau wajen bambance takobin gaske da jabu ya samo asali, domin takubban gaskiyar ma ba daraja ɗaya suke ba. Hafsa da kuɗinsa yake sayen nasa, don haka wani yakan ɗauko ruwan takobin da ya gada, mai shekaru ɗaruruwa, ya sa a yi masa mariƙi da kube na soja. Wani kuma ya samu na maƙeran wurin ibada na Yasukuni da ke Tokyo, waɗanda suka ƙera kimanin 8,100 ta hanyar gargajiya tsakanin 1933 da 1945. Da yawa kuwa na garin Seki suka saya, inda ake fitar da su da yawa daga ƙarfen masana'anta. Ƙananan jami'ai, irin su saje, gwamnati ce take ba su samfurin 95 na 1935, wanda aikin inji ne tsantsa, mariƙinsa ma zubi ne na jan ƙarfe, daga baya na alminiyam. Saboda haka ganin aikin inji bai isa a ce takobi jabu ne ba.

Da Japan ta miƙa wuya a 1945, an tilasta wa sojojinta da fararen hula miƙa takubbansu. An lalata wasu, wasu kuma sojojin ƙawance suka tafi da su Amurka da Birtaniya da Ostareliya a matsayin ganima. Da farashinsu ya tashi a hannun masu tara kayan tarihi, sai na kwaikwayo suka cika kasuwa, akasarinsu daga Sin, kuma cinikin intanet ya ƙara musu gudu.

A ganina babban abin da ke tona asirin jabu shi ne yawan ado. Za ka ga an zana manyan haruffa a jikin ruwan takobin, ƙarfen kuma ya yi zane-zane masu ɗaukar ido da aka fito da su da ruwan asid, alhali na gaske ba kasafai yake yin wannan kwalliya ba. Igiyar mariƙin gaske tana sarƙewa ne bi da bi, wannan karon ta dama a sama, na gaba ta hagu, amma mai kwaikwayo yakan naɗe ta duk gefe guda.

Masana kuwa ba sa yanke hukunci sai sun zare 'yar ƙusar gora da ke riƙe da mariƙin, sun duba wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye a ciki. A can ake ganin sawun magagari a jere tsaf, da sunan maƙerin da aka sara da kurfi, wani lokaci har da shekara. A can kuma hatimi yake: na Seki ko na Showa (sunan zamanin mulkin sarkin Japan na lokacin) yana nuna ba ƙirar gargajiya ba ce, tauraro kuwa alama ce ta maƙerin da rundunar soja ta amince da shi. Tsatsar da ta daɗe duhu take yi ta kwanta, ta jabu kuwa ja ce mai gari. Shi ya sa goge wutsiyar yake zubar da darajar takobi ko da na gaske ne.

Ƙungiyar NBTHK mai kula da adana takubban gargajiya na Japan, wadda aka kafa a 1948, tana bincike ta ba da takardar shaida, sai dai ƙirar gargajiya kawai take dubawa. Mai sayen samfurin 95 sai ya dogara da hatiman masana'antar makamai, da siffar lambobin da ke jikin ruwan takobin, ya kuma duba ko sun yi daidai da na bakin kuben.